Tsohuwar kwamfuta da jan gargaɗi: Tsufa ne ko ƙwayar cuta?

Ranar wata Asabar da hantsi, ina shirin fita ɗaurin aure, sai ga kiran yayana, tsohon shugaban makarantar sakandare wanda ya yi ritaya, wanda kuma a halin yanzu shi ne ma'ajin ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarsu. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba, abin da ba halinsa ba ne. Cewa kawai ya yi, "Kana ina? Maza ka zo ka duba min kwamfutar nan, ina jin 'yan damfara sun shige ta." Na ce, "Subhanallahi, Yaya, me ka gani?" Ya ce tun safe duk shafin da ya nemi buɗewa a intanet, sai wani jan gargaɗi ya tare masa hanya yana cewa sadarwarsa ba ta da sirri, wai mai yiwuwa wasu na neman sace masa bayanai. Hatta shafin bankin da kuɗin ƙungiya ke ajiye bai tsira ba. Ga shi taron shekara saura kwana shida, kuma shi ne zai miƙe a gaban abokan karatunsa ya karanta rahoton kuɗi.

Kafin ya kira ni har ya tuntuɓi wani mai gyara a kasuwa, wanda bai ma ga kwamfutar ba ya yanke hukunci ta waya: bairos ne, a kawo ta a yi mata fomatin. A cikin wannan kwamfuta kuwa akwai lissafin gudummawar membobi na shekara tara, babu kwafinsa a ko'ina. Da Yaya ya bi wannan shawara, da an kashe maciji an haɗa da ɗakin da yake ciki.

Abin da ya sa na ga ya dace in kawo wannan labari a wannan fili shi ne, na lura mu 'yan boko mun kasu kashi biyu idan muka ci karo da irin wannan gargaɗi, kuma duka kashin biyu a kan kuskure muke. Akwai masu firgita, su kwashi na'ura su miƙa wa wanda zai shafe komai. Akwai kuma waɗanda suka fi yawa, likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikata, waɗanda suka koyi inda ake dannawa a wuce, har abin ya zame musu jiki tamkar korar ƙuda. Na farkon asarar aikinsa yake yi. Na biyun kuwa watarana asusunsa zai miƙa wa ɓarawo da hannunsa. Alhali gargaɗin nan magana ce yake yi mai ma'ana, in da za a tsaya a saurara.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ɓoye. Duk sa'ad da mai karatu ya rubuta adireshin banki ko na imel a burauza, wato manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita irin su Chrome da Firefox, kafin a nuna masa ko harafi guda sai shafin ya gabatar da takardar shaida. Burauza za ta yi wa takardar tambayoyi uku: shin sunan da ke jikinta shi ne na shafin da aka nema? Shin wa'adinta ya fara, kuma bai ƙare ba? Sannan wane ne ya sa mata hannu? Wannan tambaya ta uku ita ce ginshiƙi, kuma duk wanda ya taɓa zama a zauren karatun hadisi ba zai sha wahalar gane ta ba, domin tsarin isnadi ne. Takardar shafin wata hukuma ce ta sa mata hannu, ita ma hukumar wata ta sama da ita ce ta shaide ta, haka za a yi ta bi har a tuƙe ga ɗaya daga cikin amintattun tushe da aka riga aka adana jerin sunayensu a cikin kwamfutar ko a cikin burauzar kanta. Idan aka tarar da wanda ba a san shi ba a cikin silsilar, ko silsilar ta yanke, sai burauza ta ƙi karɓar ruwayar. Jan shafin da ke tsorata mu, wannan ƙin karɓar ne kawai. Ba yana nufin lalle an kama ɓarawo ba. Yana nufin an kasa tabbatar da cewa wanda ke magana da kai shi ne wanda ya ce shi ne.

Da na isa gidan Yaya, ban taɓa komai ba sai da na karanta ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasan gargaɗin, wanda galibin mutane ba sa ko kallonsa. An rubuta NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Ko mutum bai san komai a harkar ba, kalmar da ke nufin kwanan wata tana nan a tsakiya ƙuru-ƙuru. Na kai idona kusurwar dama ta ƙasan allo, sai na ga kwamfutar Yaya tana zaune abinta a ranar 1 ga Janairun 2009. A wurinta, duk takardar shaidar da aka nuna mata an rubuta ta ne a shekarun da ba su zo ba tukuna. To ina laifinta don ta ƙi yarda? Ko kai ne aka kawo maka takardar filin da za a sa wa hannu nan da shekara goma sha biyar, ai korar mai ita za ka yi.

Dalilin wannan ruɗewa ɗan ƙaramin abu ne. A jikin babban allon da ke cikin akwatin kowace kwamfutar tebur akwai batiri guda mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, mai ƙarfin bolt 3, wanda aikinsa shi ne ya riƙe agogo yana tafiya idan babu wuta. Muddin kwamfutar na jone da lantarki, ko da a kashe take, batirin hutawa yake yi. Da zarar an ɗauke wuta ko an zare soket, shi ke ɗaukar nauyi. Mai karatu ya auna da kansa yawan aikin da wannan ɗan tahaliki ke yi a ƙasar da rashin wuta ya fi samuwarta yawa, a kuma cikin na'urar da ta riga ta ci rabin rayuwarta a wani ofis a Turai kafin ta iso mana a matsayin tokumbo. Yaya ya yi tafiyar mako uku ya zare komai saboda tsoron wuta mai ƙarfi, batirin kuwa dama yana kan gargara, sai ya cika. Muka aiki yaro ya sayo sabo a wurin masu gyaran agogo, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Na saka, na daidaita rana da lokaci, na tabbatar yankin lokacin na Afirka ta Yamma ne, sai ga shafuka suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya yi hamdala, har ya fara yi wa mai gyaran kasuwa Allah-ya-isa. Na ce masa, "Yaya, dakata tukuna, ba mu gama ba."

Wannan matsala ta agogo za ta ƙara yawaita ne, ba raguwa ba, domin wa'adin takardun shaida sai ƙara gajarta yake yi. A Satumban 2020 aka taƙaita shi zuwa kwana 398, hukumar Let's Encrypt da ke bayar da takardun kyauta ta daɗe tana bayar da na kwana 90, sannan a 2025 kamfanonin burauza da hukumomin shaida suka amince a riƙa rage wa'adin mataki-mataki har ya koma kwana 47 a 2029. Ma'ana, agogon da ya kauce da makonni kaɗan ma ya isa ya rufe wa mutum ƙofa.

Dalili na biyu shi ne tsufa, kuma shi ba ya jin magani. Jerin amintattun tushe da na ambata ba dawwamamme ba ne; wasu wa'adinsu na ƙarewa, ana shigo da sababbi, kuma ta hanyar sabunta manhaja ne kwamfuta ke samun labari. Wadda aka daina sabuntawa tamkar dattijon da ya yi shekara ashirin bai fita gari ba ne, duk wanda aka ambata masa sai ya ce bai san shi ba. An ga haka a fili ranar 30 ga Satumban 2021, lokacin da wani tsohon tushe mai suna DST Root CA X3 ya kai ƙarshen wa'adinsa. Miliyoyin shafuka ne suka dogara da shi ta hannun Let's Encrypt. Na'urorin da ke samun sabuntawa ba su ma san an yi ba, domin sun riga sun karɓi magajinsa, ISRG Root X1. Amma tsofaffin kwamfutoci da wayoyi, da waɗanda aka toshe musu hanyar sabuntawa da gangan saboda Windows ɗin da ke kansu na sata ne, suka wayi gari rabin intanet ya juya musu baya. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka bairos ne, aka yi ta fomatin, aka sake ɗora tsohon faifan nan dai, matsala ta dawo yadda take.

Haka abin yake game da yaren da ake kulle bayanai da shi tsakanin burauza da shafi, wanda ake kira TLS. Na farkonsa ya fito a 1999, TLS 1.2 a 2008, TLS 1.3 kuma a 2018. A 2020 manyan burauzoji suka yi watsi da tsofaffin nau'o'i biyu na farko, shafuka masu yawa ma suka daina amsa su. Internet Explorer 8, wadda ita ce ta ƙarshe da ke hawa Windows XP, ba ta jin TLS 1.2 ko kaɗan a kan wannan babbar manhaja. Don haka idan ta kasa buɗe shafi, babu wani ɓarawo a tsakani, kurma ne da bebe suka haɗu. Kamfanin Microsoft ya daina yi wa XP faci ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairun 2020. Chrome 49 ce ta ƙarshe a kan XP, tun 2016. Chrome 109 ce ta ƙarshe a kan Windows 7, tun farkon 2023. A ɓangaren Firefox kuwa lamba 52 ce iyakar XP, lamba 115 iyakar Windows 7. Ita kanta Internet Explorer an yi mata ritaya ranar 15 ga Yunin 2022. Duk da haka, shiga ofishin jarrabawa na wata makarantar, ko ɗakin ajiye bayanai na wani asibitin, ko shagon buga takardu na bakin sakatariya, za ka same su suna nan suna aiki, ana shigar da sunayen bayin Allah da lambobinsu.

Kafin in koma kan kwamfutar Yaya, akwai wani nau'in gargaɗi da ya kamata a ware shi gefe, domin shi ba gargaɗi ba ne, tarko ne. Shi ne wanda ke cika allo da walƙiya da jiniya, wani lokaci har da murya, yana cewa an gano ƙwayoyin cuta kaza a kwamfutarka, maza ka kira wannan lamba ko ka sauke wannan magani. Shafin intanet ba shi da ikon bincika cikin kwamfutarka, balle ya ƙirga cututtukanta. Gargaɗin gaskiya na burauza shiru-shiru ne, ba ya bayar da lambar waya, ba ya neman kuɗi, ba ya cewa ka sauke komai. Wancan mai kururuwa boka ne da ya tare ka a hanya ya ce an yi maka sammu, kuma maganin na cikin jakarsa. Rufe burauzar kawai, in ta ƙi rufuwa a danna Ctrl da Shift da Esc a tare, a kashe ta daga cikin jerin manhajojin da zai buɗe, kada kuma a yarda ta maido da shafukan da ke buɗe idan an sake kunna ta. Haka nan wanda ya sauka a otal ko filin jirgi ya hau intanet ɗinsu, sau da yawa zai ga gargaɗin shaida har sai ya cika shafin shigarsu. Wannan ma ba cuta ba ce.

Abin da ya hana ni tashi daga gaban kwamfutar Yaya wani abu ne da na hango ta wutsiyar ido. Cikin shafukan da na buɗe don gwaji har da Wikipedia, sai na ga tallar maganin rage ƙiba a gefe, da wata ta caca a sama. Wikipedia ba ta sa talla. Tun a 2012 gidauniyar da ke tafiyar da ita ta fitar da sanarwa cewa duk wanda ya ga talla a shafinta, to akwai yiwuwar na'urarsa ta kamu. Na tambayi Yaya tun yaushe yake ganin irin wannan, ya ce ai an fi shekara, shi ya ɗauka haka intanet ta koma. Na danna ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi, na buɗe takardar shaidar, na duba wanda ya sa mata hannu. Wani baƙon suna ne da ban taɓa jin sa a cikin hukumomin shaida ba. Na ciro wayata na buɗe shafin guda ta layina, na duba tata takardar: suna daban. Na koma shafin banki a kwamfutar, sai ga baƙon sunan nan. Shafin imel, shi ne dai. A nan ne gabana ya faɗi, domin duk wannan lokaci burauzar ba ta ce uffan ba.

Ga abin da ya faru. Wata muguwar manhaja ta shiga kwamfutar ta yi abu biyu. Ta karkatar da duk zirga-zirgar intanet ta bi ta hannunta, ta zama dillali tsakanin Yaya da duniya. Sannan ta rubuta sunanta a cikin jerin amintattun tushe. Daga nan duk shafin da aka nema, ita ke karɓo shi, ta buɗe, ta cusa tallarta, ta buga masa takardar shaidar jabu da sa hannunta, ta miƙa wa burauza. Burauza ta duba isnadi ta ga ya tuƙe ga wanda ke cikin jeri, sai ta sa kwaɗo ta ce lafiya lau. Ɓarawo ya shiga gida ya naɗa kansa mai gadi. Duk abin da Yaya ya rubuta a cikin wannan shekara, har da kalmar sirrin banki, ta gaban wannan dillali ya wuce a buɗe. Ko ya kwafa ko bai kwafa ba, hanya dai a buɗe take gare shi. Abin mamakin shi ne, mutuwar batirin nan ce ta tona asiri. Da agogo bai rikice ba, da babu wanda zai kira ni.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan dabara ta ƙananan ɓarayi ce kawai. A Fabrairun 2015 aka gano cewa kamfanin Lenovo ya sayar da wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka ɗauke da manhajar talla mai suna Superfish, wadda ke yin daidai wannan aiki tun daga masana'anta. Mafi muni, makullin sirrin tushen nata iri ɗaya ne a duk kwamfutocin, kuma cikin ɗan lokaci masu bincike suka ciro shi, abin da ke nufin duk wanda ya mallake shi zai iya buga takardar jabu ta kowane banki. A 2017 kamfanin ya sasanta da hukumar kula da ciniki ta Amurka, ya kuma biya jihohi 32 dala miliyan 3.5. Kafin wannan, a 2011, an kutsa cikin wata hukumar shaida ta ƙasar Holan mai suna DigiNotar aka buga takardun jabu da sunan Google, aka yi amfani da su wajen leƙen saƙonnin mutane kimanin 300,000, kusan dukkansu a Iran. Abin da ya fasa ƙwan shi ne wani mutum guda a can da burauzarsa ta nuna masa gargaɗi, maimakon ya danna ya wuce sai ya tsaya ya yi tambaya a bainar jama'a. Cikin makonni kaɗan aka cire DigiNotar daga jerin amintattu, kamfanin ya durƙushe a Satumban wannan shekara. Ina tuna wannan mutum duk sa'ad da na ga wani babban ma'aikaci yana danna "ci gaba" ba tare da ya karanta ba.

To ta ina abin ya shigo wa Yaya? Da muka bi jerin manhajojin da ke kan kwamfutar bisa kwanan watan da aka ɗora su, sai muka tarar da wasu guda uku da bai san da su ba, duk rana ɗaya da wata manhajar juya takardu zuwa PDF da wani ɗan'uwa ya sauko masa kyauta. Haka aka fi kamuwa a wurinmu. Ba wani gwanin kutse ne ke zaune a wata ƙasa yana farautar ka ba; mu ne ke buɗe ƙofa. Manhajar kuɗi da aka fasa aka raba kyauta, da ɗan abin da ake dannawa don Windows ko Office na sata su daina ƙorafi, da filashin da ya kwana a shagon buga takardu. Wanda ya yi zamanin kafe zai tuna tsutsar Conficker da ta ɓulla a Nuwamban 2008 tana bin filashi daga kwamfuta zuwa kwamfuta, da kuma ɗan banzan bairos ɗin nan da ke ɓoye manyan jakunkunan mutum ya bar masa gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu, wanda ya sa ɗalibai da yawa kuka a daren miƙa kundin digiri, alhali aikin nasu na nan a ɓoye ba a goge ba. Kuma a nan ne nake da ja da yawancin masu gyaranmu. Idan sun yi fomatin, da me suke mayarwa? Da faifan satar nan da makullinsa na jabu, sannan su kashe sabuntawa don kada asiri ya tonu. Ka biya kuɗi an wanke maka rauni da ruwan kwata.

Abin da muka yi a ranar, bisa tsarin da ya kamata, shi ne muka fara zare kwamfutar daga intanet. Ba mu fara da farautar bairos ba, domin abin da ke cikin haɗari a wannan sa'a ba na'urar ba ce, asusun ne. Da wayar Yaya, wadda ba ta da alaƙa da kwamfutar, muka canza kalmar sirrin imel tukuna, saboda duk wanda ya riƙe imel ɗinka zai iya sake saita sauran. Sannan ta banki, muka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a inda ake da ita. Canza kalmar sirri a kan kwamfutar da ake zargi daidai yake da canza kwaɗon ɗaki kana miƙa wa ɓarawo sabon makulli. Yaya ya kira bankin ta lambar da ke bayan katinsa, ba wadda aka samo a intanet ba, ya nemi cikakken bayanin shige da fice na shekara guda. Bayan haka muka kwafe takardun lissafi da hotuna kaɗai zuwa sabon filashi, ba mu ɗauki ko manhaja ɗaya ba, muka kuma bincike filashin a kan wata kwamfutar mai lafiya kafin mu buɗe komai.

Sai da hankali ya kwanta sannan na waiwayi cutar. Na cire manhajojin nan uku, na shiga saitin intanet na kashe dillalin da aka dasa, na buɗe ma'ajiyar takardun shaida da umarnin certmgr.msc na goge baƙon tushen, na duba fayil ɗin hosts, wanda miyagun manhajoji kan rubuta adireshin ƙarya a ciki don su kai mutum shafin jabu, na kuma kakkaɓe ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauzar. Daga ƙarshe muka tayar da kwamfutar daga filashin ceto irin wanda kamfanonin rigakafi ke bayarwa, domin bincike daga waje ya fi inganci. Cutar da ke farke tana iya ɓuya daga mai neman ta, wadda ke barci kuwa ba ta iyawa. Tallace-tallacen suka ɓace, takardun shaida suka dawo da sunayen asali. Duk da haka na faɗa wa Yaya gaskiya: kwamfutar da aka taɓa yi wa irin wannan shiga, kuma wadda maƙerinta ya daina yi mata faci tun 2020, ni dai ba zan sake shiga banki da ita ba.

Shi Yaya mutum ɗaya ne da kuɗin ƙungiya. Damuwata ta fi karkata ga ma'aikatun da ke riƙe da amanar dubban mutane. Ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila sai da asibitoci suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, aka soke ganin likita kimanin 19,000. Facin da zai toshe kafar kuwa Microsoft ya fitar da shi tun watan Maris na wannan shekara. Ba a ɗora ba ne kawai. Lamarin ya yi tsanani har sai da kamfanin ya karya ƙa'idarsa ya fitar wa XP faci na gaggawa, shekara uku bayan ya sallame ta. Idan haka ta faru da ƙasar da ke da ma'aikatan kwamfuta a kowane asibiti, me muke tsammani a ofishin da kwamfuta ɗaya ce ake buga wasiƙa da ita, a shigar da albashi, a kuma kalli fim da rana? Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, har ta wajabta sanar da hukuma cikin sa'a 72 idan aka samu ɓaraka mai haɗari. Shugaban makaranta ko na asibiti da ke adana lambobin NIN da BVN na mutane a kan Windows 7 na sata ya kamata ya san cewa maganar ta wuce ta ɗan gyara, ta zama tasa. A kasafin kuɗinmu ana ware na sayen kwamfuta saboda akwai kwangila a ciki, amma da wuya ka ga layin kula da ita.

Wani sabon ayari ma yana tafe. Ranar 14 ga Oktoban 2025 tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare, sai ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin wajajen 2017 ba su cika ba. Kamfanonin Turai da Amurka za su sallami irin waɗannan, kuma mun san inda suke sauka: Ikeja tukuna, daga nan su hauro Kano da Kaduna, a goge su su yi ƙyalli. Ban ce kada a saya ba, ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba, kuma ƙarfen da yawa daga cikinsu garau yake. Amma mai saye ya tambayi abin da za ta iya ɗauka kafin ya tambayi farashi. Wadda ba za ta hau Windows 11 ba, akwai babbar manhajar Linux, kyauta ce ta halal, ana sabunta ta, kuma nau'o'i irin su Linux Mint da Lubuntu suna tafiya da sauƙi a kan tsohon ƙarfe, da Firefox ta zamani a ciki. Wanda aikinsa rubutu ne da lissafi da imel ba zai rasa komai ba sai sabo.

Shi na ba Yaya shawara, amma ya ce shi da ya haura sittin ba zai koma aji ɗaya ba. Muka tsaya a tsakiya. Kwamfutar ta zauna a kan teburinta ba tare da intanet ba, yana buga wasiƙu da lissafi a kanta, yana kwafewa a filashi biyu duk ƙarshen wata, ɗaya a gidansa ɗaya a wurin sakataren ƙungiya. Harkar banki ta koma kan waya. Ranar Talata bayanin asusun ya iso, muka zauna a zaure bayan la'asar muka bi shi layi-layi da littafin rasit, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ranar Juma'a da yamma ya karanta rahotonsa, aka amince da shi, aka sake zaɓensa ma'aji duk da ya ce ya gaji.